Wa Ke Duba Igiyar Mai Saran Icce?

Kowace shekara, da bazara ta yi nisa aka fara ganin hadari yana haɗuwa ta gabas, masu gidaje a Sama Road sai su tuna da itatuwansu. Dogon yaron da ya rufa musu asiri tun watan Maris, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, shi ne kuma ya koma abin tsoro. Wani reshe ya kwanta kan kwanon ɗaki, wani ya rungumi wayar lantarki, wani ya leƙa gidan maƙwabci har an fara 'yar tsama. Iskar farkon damina ba ta san gidan babba ba. Sai a aika yaro ya kira mai sara, a yi ciniki a ƙofar gida, mutum ya tuɓe takalmi ya kama hawa. Ana ja-in-ja kan kuɗi, ana ja-in-ja kan wanda zai kwashe iccen, wani lokaci har kan wanda zai share ganyen. Ban taɓa jin mai gida ya tambayi shekarun igiyar da mutumin zai ɗora dukan nauyinsa a kanta ba.

Aikin sito na yi a wani kamfanin gine-gine har na yi ritaya, kuma a can na koyi cewa hular kwano da igiya da ɗamarar hawa sama, wadda ma'aikata ke kira sefti bel, duk suna da wa'adi. Ba a ganin tsufansu daga nesa. Wannan ya sa har yau idona ba ya wuce kayan mai hawa ban tsaya na ƙare musu kallo ba, ko da iyalina na cewa shisshigi ne.

A bazarar da ta wuce wani maƙwabcina ya kira mai sara, kuma wannan ya zo da shirinsa: injin yanka, hula ruwan ɗorawa, ɗamara mai ƙugiyoyi, da yaro mai riƙe masa igiya daga ƙasa. Maƙwabcin nawa har yana alfahari ya samo ƙwararre. Na ƙarasa na yi masa sannu da aiki, na ce ko zai ba ni ɗamarar in gani.

"Ga ta, Baba. Wagga ta Turai ta, ba irin ta yanzu ba. Gwanjo nis saye ta."

Na ce, "To Malam, wa ya yi aiki da ita kafin ta zo hannunka?"

Ya yi dariya. "Baba, wa ka tambayar tarihin kayan gwanjo? In kwana ya ƙare, ko ta ƙarhe ta, tsinkewa takai."

Na juya ɗamarar. 'Yar takardar da ake ɗinkawa a ciki, mai ɗauke da sunan kamfani da lamba da shekarar ƙira, ta koɗe fes, ba a karanta ko harafi ɗaya. Da na lanƙwasa madaurin cinya sai na ji ya sandare, gefensa ya yi gashi-gashi, kuma a inda aka haɗa zoben ƙarfen zare biyu sun zare daga ɗinkin. Na kifa hular. A ƙarƙashin bakinta akwai ɗan zagaye kamar fuskar agogo, lambobi 1 zuwa 12 a kewaye, kibiya na nuna wata, shekara a tsakiya. Lissafin da na yi ya nuna hular ta girmi yaron da ke riƙe igiyar. Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya ɗaura abarsa, ya hau. Ya kuma sauko lafiya, alhamdu lillahi, wanda hakan ya ƙara masa tabbacin cewa tsohon nan surutu ne da shi.

Ga ra'ayina, kuma na san wasu za su ce na yi tsauri: ɗamarar da ba a san tarihinta ba ta fi rashin ɗamara haɗari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dubi Bafulatanin da ke hawa gawo ko maɗaci da rani yana sassabo wa shanunsa ganye da barandami. Ba shi da igiya, saboda haka bai yarda da komai ba sai hannunsa da ƙafarsa. Yana taka reshe ya gwada shi kafin ya sakar masa nauyi, ba ya sakin hannu biyu lokaci ɗaya, kuma akwai inda ba ya kaiwa ko da ganyen can ya fi kyau. Ba ina cewa hanyarsa ba ta kisa ba, tana yi. Amma tsoro na tsare shi. Wanda ya ɗaura ɗamara kuwa ya sallami wannan tsoron. Zai jingina baya, ya saki hannuwa biyu ya riƙe inji mai gudu, ya miƙa can ƙarshen reshe inda mai hannu da ƙafa ba zai je ba. Don haka aka yi ɗamarar, kuma daidai ne in tana da lafiya. In ba ta da ita, ta kai shi wurin da ba abin da ke tsakaninsa da ƙasa sai ɗinkin da ya riga ya mutu.

Karanta kwanan wata a jikin kaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zamanin da Dora Akunyili ta riƙe hukumar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, har tsohuwa a ƙauye ta koyi miƙa wa jikanta kwalin magani ya duba mata ko ya yi esfaya. Daga baya jami'an kiyaye haɗurra suka koya wa direbobi lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 a shekarar 2019. Yau ɗan kabu-kabu ma ya san tayar da ta kwana biyu tana iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba. Wannan ilimin ne bai hau icce ba tukuna.

Masu ƙera kayan ba su ɓoye komai ba. Kamfanin Petzl na Faransa, wanda masu hawan itatuwa da duwatsu a duniya suka sani, ya rubuta cewa kayansa na zare da na roba ba sa wuce shekara 10 daga ranar ƙira, ko an yi aiki da su ko suna ajiye. Na ƙarfe, irin su ƙugiya da zobe, bai yanka musu shekaru ba, dubawa ce ke yanke musu hukunci. Kamfanin MSA na Amurka, mai hular V-Gard da ake gani a wuraren gini, ya ba da shawarar a sauya ƙoƙon hular bayan shekara 5 ana aiki da ita, ragar ciki kuwa duk wata 12. Kowannensu ya ƙara da magana guda: kayan da ya taɓa tare mutum a mummunar faɗuwa, ko hular da abu mai nauyi ya taɓa dukanta, aikinsu ya ƙare a ranar, ko jiya aka sayo su. A nan gwanjo ke faɗuwa jarrabawa. Mai sayarwa a kasuwa zai iya nuna maka cewa ɗamara ba ta yage ba. Ba zai iya gaya maka ko ta taɓa fizgar ƙato daga hawa na uku ba, ko ta taɓa kwana cikin ruwan batir.

Sai kuma a tuna cewa shekara 10 ɗin nan iyaka ce ta can sama, ga kayan da aka adana a inuwa, wuri mai sanyi, nesa da sinadari. Ina Sakkwato ina wannan? Hasken rana yana cin zaren nailan a hankali, yana busar da robar hula har ta yi fari-fari ta riƙa barin gari a yatsa. Ƙurar hunturu na shiga tsakanin zaruruwan igiya, duk lokacin da aka ja sai ƙananan tsakuwoyin su riƙa yankanta daga ciki. Ma'ajiyar kayan mai sara ita ce bayan babur, ko but ɗin mota, ko ɗakin kwano da ke dafuwa da azahar, kusa da galan ɗin fetur da baƙin man inji. Yanzu da batiran sola suka cika gidaje abin ya ƙaru, domin ruwan batir in ya taɓa nailan yana kashe ƙarfinsa, wani lokaci ba tare da ya bar tabon da ido zai kama ba.

Igiyar ma da akasarin masu sara ke hawa da ita ba ta hawa ba ce tun asali. Shuɗiyar nan ce ta leda da ake aunawa da gaba a Babbar Kasuwa, ta guga da ɗaurin kaya a mota. Irin robar da aka yi ta da ita tana saurin lalacewa a rana, kuma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 170 ba, zafin da gogayya da reshe ke iya kawowa in nauyi ya zarce da gudu. Igiyar hawa ta gaskiya riga ce da ciki: zaruruwan ciki ke ɗaukar nauyi, saƙar waje na kare su. Ma'aunin Turai mai lamba EN 1891 ya ce babbar irinta sai ta jure abin da ya kai tan biyu da ɗoriya kafin ta tsinke. Wani zai ce ina mutum mai kilo 70 ina tan biyu? Amsar ita ce wanda ya suɓuce ya faɗo ba nauyinsa kaɗai yake sakar wa igiya ba, fizgar tana ninka shi sau da yawa, ƙulli kuma yana rage mata ƙarfi, tsufa ya rage saura. Rarar nan ita ake ci kullum har ta ƙare. Kuskuren da na fi gani shi ne igiya ɗaya ta yi aiki biyu: da safe a sauke gungumen reshe da ita, ta sha fizga, da hantsi mutum ya ɗaura ta a ƙugu. A inda aka san aikin, igiyar sauke icce daban, ta mutum daban, har launinsu ake bambantawa don kada a yi kuskure.

Akwai masu cewa wa'adin nan dabarar 'yan kasuwa ce don a yi ta sayen sabo. Ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ba ta yanka wa ɗamara shekaru a dokarta ba. Abin da ta wajabta shi ne a duba kafin a yi aiki da ita, a kuma janye mai aibi. Ni ma na ga igiyar da ta daɗe cikin jakarta a sito ta fi wadda aka sayo bara aka bar ta kan rufin mota lafiya. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne kwanan wata na iya kayar da kaya, amma ba ya iya wanke shi. In wa'adi ya wuce, an gama magana. In bai wuce ba, saura hannu da ido.

Dubawar kuwa ba ta cin ko sisi. Ka zauna a inuwa ka bi igiyar da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, kana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Inda ka ji ta yi laushi kamar babu komai a ciki, ko ta yi ƙullutu, ko ta sandare, ko rigarta ta yi ƙyalli alamar ta taɓa narkewa, to nan ne za ta ci amana. Ɗamara kuma a bi ɗinkinta, shi ya sa ake yin sa da zare mai launi daban, don wanda ya tsinke ya fito fili. A buɗe ƙugiya a sake ta, a ji ko tana rufe kanta da kanta ta kulle. A matse hula daga gefe biyu a saki. Mai lafiya za ta koma yadda take nan take, matacciya za ta yi ƙara ƙas-ƙas ko ta tsage. Wannan na kullum ne, mai hawa ke yi wa kansa. A Ingila dokar 1998 kan kayan ɗaga nauyi ta ƙara da cewa duk abin da ke ɗaukar mutum sai wani masani ya yi masa binciken ƙwaƙwaf duk wata 6, ya rubuta ya sa hannu. Hikimar a fili take: mai kaya ba ya son ganin aibin kayansa, musamman in ba shi da kuɗin sabo.

Maganar waya ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin a nan ba a samun damar koyon darasi. Manyan wayoyin da ke ratsa unguwanni suna ɗauke da bolt 11,000, wasu 33,000, kuma ƙa'ida ta ware musu fili na mita 5.5 kowane gefe, filin da dogon yaro bai san da shi ba. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta. Safar hannun roba ta magina ko ta wanke-wanke ba ta tare komai a irin wannan ƙarfi. Ta gaskiyar aji-aji ce, mai aji na 2 ana aiki da ita har bolt 17,000, ita ma a Amurka sai an sake gwada ta da na'ura duk wata 6, domin hudar da ba ta kai bakin allura ba ta isa. Mu kuma muna da namu tarkon: "Ai babu wuta, hau kawai." Rashin wuta a gidanka ba shaida ba ce cewa babbar waya a mace take, kuma ko a macen take, ba wanda ya yi maka alkawarin minti nawa za ta ɗauka kafin a dawo da ita. Janareton wani gida da aka haɗa ba daidai ba ma yana iya tura wuta baya cikin layi. Iccen da ya kai ga waya ba aikin mai sara shi kaɗai ba ne. A je ofishin Kaduna Electric, su ke da rarraba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna, a nemi su kashe layin su tabbatar, sannan a hau. In an ce sai gobe, a jira goben.

To wa zai biya? Nan ne gizo ke saƙar. Tun da darajar naira ta zube a 2023, sabuwar ɗamara da igiyar ƙwarai sun fi ƙarfin mai sara, ko zai haɗa ladan bazara guda. Ɗora masa laifi shi kaɗai zalunci ne. Yadda muke biyansa ma yana tura shi ga haɗari: sau da yawa ana rage kuɗin a ce ya kwashe iccen ya sayar, saboda haka ribarsa na cikin reshe mafi kauri, wanda ya fi wuyar saukewa. Dokokinmu kuma ba su san da shi ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi maganar duba sarƙa da igiyar ɗaga kaya duk wata 6, amma a masana'anta. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, amma wanda aka kira daga bakin titi ba ya cikin rajistar kowa. In ya faɗo, abin da ke biyo baya sananne ne: a naɗe shi a cusa a Keke Napep, abin da ke iya ƙarasa lakar da ta tsira, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wurin maɗori, mai gida ya ba da abin da ya sawwaƙa, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙashi na ɗoruwa, laka ba ta ɗoruwa.

Shi ya sa nake ganin nauyin na kan mai icce. Ba ina nufin kowane magidanci ya sayi ɗamara ba. Amma makarantu da asibitoci da ma'aikatu da barikoki, waɗanda ke da ɗaruruwan itatuwa kuma suke ba da aikin rage su duk shekara, me zai hana kowannensu ya mallaki saiti biyu na kansa, a ajiye a sito, a ba mai hawa aro ranar aiki a karɓa da yamma? Na ce biyu saboda wanda ya suma yana rataye a sama sai an sami mai hawa ya sauko da shi da gaggawa, kuma yaron da ke ƙasa da hannu biyu ba zai iya ba. Kowane kaya a ba shi lamba da kati: ranar ƙira, ranar da aka fara aiki da shi, ranar dubawa, sunan mai dubawa. Ba abin da ya fi wannan sauƙi a aikin sito. Haka muke yi wa buhun siminti, wanda ba ran kowa a kansa. Jiharmu na cikin jihohi 11 na shirin nan na kafa shingen itatuwa don tare hamada, kuma duk damina ana bikin dashe da jawabai. Iccen da aka dasa yau, nan da shekara 20 wani zai hau shi da inji. Ma'aikatar muhalli da ke da bakin magana kan sare itatuwa tana iya sa sharaɗi ɗaya cikin duk kwangilar da gwamnati ta bayar: a nuna katin kayan kafin a fara. Masu saran su ma, in sun haɗa kai kamar yadda mahauta da direbobi suka yi, suna iya yin adashin saiti ɗaya na ƙwarai su riƙa karɓa-karɓa.

Mai gida kuma da ba shi da sito, yana da baki. Ya ce a ba shi igiyar ya shafa, ya kifa hular ya karanta. In abin bai kwanta masa ba, ya ƙara kuɗin a kawo tsani da dogon zarto a rage abin da za a iya daga ƙasa, a bar sauran sai an sami mai kayan kirki.

Saura abu ɗaya da ke ba mutanenmu wuya, kuma ni ma na sha faɗa a kansa da masu binciken kuɗi: kayan da aka yanke wa hukunci sai an lalata shi. Ba a jefa shi bayan sito, ba a ba mai gadi, ba a yi sadaka da shi. Muddin ya fita a cike, kasuwa zai koma, wani mai sara ya saye shi yana murna ya sami na Turai. Mu a wurinmu sai a kira shaidu biyu, a rubuta lambar kayan a littafi, a sa almakashi a datse madaurin ɗamarar gida-gida, a fasa hular da guduma, igiyar kuma a yayyanka ta gaba ɗaya-ɗaya. Guntayen ba sa asara, leburori na rububinsu don ɗaurin awaki, kuma mai binciken da ya zo neman kayan sai a nuna masa littafin da sa hannun shaidu.